Farin Soso a Saman Ɗakin Inna

Ranar Litinin da hantsi Inna ta jawo akwatinta na ƙarfe tsakar gida, ta zauna a kansa, ta ce in aika wa Yaya ya zo ya ɗauke ta.

Na ce, "Ina za ki, Inna?"

"Gida. Inda ake kwana a ɗaki a tashi da rai. Ku nan gasa mutum kuke yi, yaji ne kawai ba ku barbaɗawa."

Watanta huɗu ke nan a wurina a Karu, gefen Abuja. Da ƙyar na raba ta da ƙauyenmu na ƙasar Katsina, bayan jiri ya kwashe ta a bakin rijiya, ta kwanta a nan har wata mai tallan nono ta tsince ta. Aka ce hawan jini ne. A can ita kaɗai ce a gida. Yaya, babban wana, ɗan fatauci ne, rabin wata yana hanya, asibiti kuwa sai an hau mota biyu. Ni ce 'ya mace ɗaya tilo. Na sani sarai in Inna ta koma, wata rana saƙo kawai za a kawo mini, in tafi in tarar an riga an dawo daga maƙabarta. Saboda haka da na gan ta zaune kan akwatin nan, sai na ce, "Ba inda za ki." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kika haife ni?"

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, Abuja kuwa ta haukace da gini. Ko ina ka juya tifa ce ɗauke da yashi, ko ina ƙarar injin kwaɓa siminti. Ni abinci nake sayar wa magina da leburori a cikin gari, shinkafa da wake a kula ɗaya, zoɓo mai ƙanƙara a ɗaya. Maigidana, Malam, direba ne a wata ma'aikata. Da guminsa da nawa muka tsayar da ɗakuna biyu na bulo, muka rufa musu kwano sabo fil, wanda in rana ta haska shi sai ka kare ido. Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe Malam ya fita bakin hanya ya tsaya yana kallon rufin kamar wanda aka yi wa haihuwa. Silin kuwa ya ce sai nan gaba. A unguwarmu silin kwalliya ce, ajinsu ɗaya da labule mai leshi. Kwano ake fara yi, sai talabijin, sai janareta, silin sai in Allah ya nufa.

Da bazara ta kama muka gane kurenmu. Tun ƙarfe goma kwanon zai fara ƙas-ƙas kamar ana tafiya a kansa. Da azahar in ka tsaya tsakiyar ɗaki, zafin sauka yake ya dafa tsakar kanka kamar tafin hannu. Man kaɗanyata ya zama ruwa a gwangwani, kyandir ya sunkuya a kan taga. Mu da muke fita tun safe muna da sauƙi. Inna ce take wuni a ciki. Ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da baya, ƙafafunta suka kumbura, barci ya ƙaurace mata sai ɗan abin da take samu gab da asuba, lokacin da kwanon ya huce.

Na kai ta asibitin unguwa. Nas ɗin wata 'yar Filato ce, mai Hausar Abuja. Ta ɗaura wa Inna abin awo a hannu, ta duba, ta taɓe baki.

"Madam, mamanka ba ya barci ko?"

Na ce ba ta yi.

"To magani shi kaɗai ba zai iya ba. Tsoho yana son barci, yana son wuri mai sanyi. In zafi ya yi yawa zuciya yana wahala. Ki gyara masa ɗaki."

Malam ya ce shi zai gyara. Ya sayo ƙaramin janareta da fanka mai tsayuwa, don masu wuta kullum sun ɗauke. Wayar ba ta da tsawo, dole janaretan ya zauna a gindin tagar Inna. Fankar ta riƙa jawo zafin kwano tana watsa mata, hayaƙin fetur yana shigowa ta taga, ga na maƙwabta biyu suna amsa masa. Kwana uku Inna ta ƙara tari a kan abin da take da shi. Ba ta iya yi wa suruki magana kai tsaye, sai ta kira ni, alhali yana tsaye a bakin ƙofa yana ji.

"Ke, ki gaya wa mai gidan nan na gode, Allah ya saka. Amma abin nan nasa wuta yake fifitawa. Ya kashe shi in mutu da kunnena lafiya."

Shi ya kai mu ga Litinin ɗin akwati. Ban da yadda zan yi, na je wurin masu waya a ƙarƙashin lema na kira Yaya, ina fatan ya ce yana Legas. Ya ce ai yana kusa, Asabar da rana zai iso da mota. Kwana biyar ke nan a hannuna.

Talata na tafi wurin sana'a rai a ɓace. A bakin wani katafaren gini mai baro ya yi karo da dutse, kular zoɓona ta tuntsura ta tsage daga gefe. Zoɓo ya malale, leburori suka yi ta salati kamar an yi rasuwa. Na durƙusa ina zagin dutsen da mai baron da wanda ya ajiye dutsen, sai idona ya faɗa cikin tsagar. Shekara da shekaru ina ɗaukar kula, ban taɓa tambayar me ke cikin bangonta ba. Ashe tsakanin robar waje da ta ciki wani abu ne fari-fari mai taushi, mara nauyi, kamar busasshen kumfa. Na ɓantaro shi na murza. Kula ta wuni cikin rana, bayanta ya yi zafin da ba a taɓawa, amma ƙanƙarar ciki tana nan.

Na ɗaga kai. A saman ginin ma'aikata suna shimfiɗa wani abu mai kauri da ƙyalli a ƙarƙashin rufi. Injiniyan wurin ɗan Zariya ne, mai gilashi, kullum wake zalla yake ci. Ya zo da kwanonsa.

"Hajiya mai abinci, yau ba zoɓo ke nan?"

"Oga Injiniya, bar zancen zoɓo. Abin can da suke shimfiɗawa fa? Masu kuɗi har inda ido ba ya kaiwa sai sun yi wa ado?"

Ya yi dariya ya ce tare zafi yake yi. Rana ta daki rufi, zafin ya zo ya tarar da shi ya tsaya, bai sauko ɗaki ba. Na miƙa masa ɓantaren kulata.

"Da wannan fa?"

Ya juya shi a hannu. "Dangin juna ne. Aikinsu ɗaya."

"Farin nan da ake tokare firij da talabijin da shi a cikin kwali fa?"

Ya cire gilashi ya dube ni. "Shi ma. Me kike shirin yi?"

"Uwata zan sa a kula."

Da na yi masa bayani ya daina dariya. Ya ce zai yi, amma in ji shi da kyau, abin nan abokin wuta ne. Kada ya taɓa kwano, a bar fili tsakaninsu, a huda bango ta sama iska mai zafi ta riƙa fita, wayar lantarki duk a zura ta cikin bututu, a nisanta shi da ƙwan fitila, a rufe shi ruf da silin ta ƙasa. Lokacin ban iya rubutu ba, sai na lissafa su a yatsu, na maimaita masa sau biyu. Na danƙa masa ludayi na ce ya zuba wa kansa da mutanensa, na kama hanya. Ina jin leburori suna ihu wai yau Oga ne mai tuwo.

Shekarun nan kowa a Abuja firij yake saye. Wanda ya samu aiki ya sayi firij, wanda ya samu kwangila ya sayi biyu. Bayan shagunan masu kayan wuta farin soson nan tsibi yake, ba mai so, in ya yi yawa su cinna masa wuta baƙin hayaƙi ya turnuƙe kasuwa. Laraba da sassafe na isa da igiya da tsofaffin zannuwa. Masu shagunan Kanawa ne, bakinsu ba ya hutawa. Wani mai ƙaton tumbi ya leƙo.

"Hajiya, lafiya? Miya za a yi da shi?"

Na ce, "Tuwo. Malmalar farko taka ce, tunda da shi da kanka nauyinsu ɗaya."

Shagon ya kwashe da dariya, har shi. Ya ce, "Kai, wannan Bakatsiniya ce, ku ba ta hanya." Suka shiga fito mini da na cikin shago, masu faɗi, masu kusurwa, masu rami-rami da siffar gindin talabijin. Kafin hantsi na ɗaure ƙunshin da ya fi ni tsawo sau biyu.

Kwandastan bas ya ce ko kujera goma zan biya ba zai ɗauka ba. Wata akori-kura da ta sauke doya ta kawo ni mararrabar Karu, daga nan na ɗora a ka. Jama'a, ban taɓa samun girma irin na ranar nan ba. Mace ɗaya ɗauke da kaya kamar ɗaki, tana tafe tana taunar goro. Masu acaɓa suna rage gudu, masu shayi suka miƙe tsaye. Wani ya ce, "La ilaha, matar nan aljana ce!" Wasu ƙarti biyu masu sauke siminti suka rugo wai za su taimaka, suka ja numfashi, suka tattara ƙarfinsu duka suka ɗaga, sai ga su zaune a ƙasa kayan na lilo a samansu. Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.

Na mayar da kayana a ka na doshi layinmu, ban gama dariyar ba iskar hadari ta taso, irin wadda take zuwa ba ruwa. Ta shiga ƙarƙashin ƙunshin ta ɗaga ni, wallahi sai da dugadugaina suka bar ƙasa. Igiya ta kwance. Farin soso ya tashi sama kamar balbelu, wani ya haye rufin masallaci, wani ya bi kwata yana tafiya abinsa. Maƙwabciyata, Bayarbiya mai sayar da burodi da muke kira Iya, ta fito da ɗankwali a hannu tana ihu, "Ku kama! Ku kama kayan Madam!" Matan layinmu suka bazu, kowa na bin nata, ba wadda ta san amfanin abin da take bi. Iya ta dawo da guda huɗu a hammata tana haki.

"Madam, wannan na sayarwa ne? Ina ne kasuwansa? Kar ka ɓoye mini."

Malam ya dawo da yamma ya tarar da tsakar gida fari fat, kaji na tsattsagar ɓurɓushi suna tofarwa. Ya ja ni gefe.

"Wani ɗan ofishinmu ya gan ki a mararraba. Ya ce matata ta koma tsintar bola."

"Ka ce masa gobe ma zan wuce, ya tanadi kujera."

"Ke ba a yi miki magana?"

"Ana yi. Bayan Asabar."

Shi ma dai yana ƙaunar Inna, ita ce take ajiye masa ƙanzo. Da ya gama cin tuwo ya tashi da kansa ya kira kafinta.

Kafintan unguwarmu dattijo ne Bagware, mai fensir a bayan kunne. Alhamis ya zo da katakon silin da bututun waya. Na lissafa masa sharuɗɗan injiniya a yatsu. Ya saurara, ya dubi tulin, ya dubi sama.

"Madam, tun ina saurayi nake wannan aiki. Ban taɓa sa wa ɗaki katifa a kai ba."

"Yau ka fara, Baba. Hau."

Ya hau. Ni da Iya muna yanka soson da wuƙar burodi muna miƙa masa, yana jerawa a kan katako, yana cusa ƙanana a duk inda ya ga kafa. Ƙarar abin in an yanka shi tana sa haƙori tsami, Iya tana yi tana tsalle. Ɓurɓushin ya manne mana a gashi da gira, muka zama kamar tsofaffin da suka shekara ɗari. Inna tana zaune ƙarƙashin gwabar Iya, ta juya mana baya, wai ba ruwanta. Amma duk wanda ya wuce sai ta tambaye shi, "Me mahaukaciyar take yi yanzu?"

La'asar sakaliya aka gama. Na tsaya tsakiyar ɗakin, hannun nan da yake dafa tsakar kai babu shi. Na yi juyi, na yi rawa, na rungume Iya. Na shigo da Inna kamar amarya. Ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ce, "Uhm." Da aka kira magariba ta rufe taga da ƙofa kamar yadda ta saba tun tana yarinya, ta toshe ƙasan ƙofar da tsumma saboda sauro. Ni kuma har da taya ta, don a sanina kula sai an danne murfi. Na kwanta ina ta murmushi ni kaɗai.

Juma'a da asuba na fito alwala na tarar da ita zaune a tsakar gida, zaninta sharkaf, idanu jawur.

"Zo nan, 'yar nan."

Na matso.

"Da can ana gasa ni, in asuba ta yi a sauke ni in huce. Jiya kin dafa ni kin bar ni a tukunya kin danne murfi. Ko ɗan barcin asubar ban samu ba. Allah ya kawo gobe lafiya."

Na shiga ɗakin. Iskar ciki ta tare ni kamar numfashin saniya. Na fito na zauna a bakin murhu, hawaye na zuba, ga wake yana jiran a tsince. Unguwa duk ta ga rawata jiya. Na jawo kular shinkafa zan ɗauraye ta da ruwan zafi, yadda nake yi kullum don abinci ya kai la'asar da ɗuminsa, sai hannuna ya tsaya. Ta zoɓo da ruwan sanyi nake ɗauraye ta, ta shinkafa da tafasasshe. Kula ba ta san sanyi ba, ba ta san zafi ba, abin da ka zuba mata shi take riƙewa. Jiya wuni guda ƙofa da taga a wangale muna aiki, rana ta cika ɗakin, bulo ya sha zafi ya ƙoshi, magariba na yi muka rufe. Da can zafin yana sulalewa ta tsakanin bango da kwano. Yanzu na toshe masa hanya da hannuna. Shinkafa na zuba, ina jiran in buɗe in ga ƙanƙara.

Dariya ta kama ni a kan hawayen, har Malam ya leƙo da buta yana tambaya ko lafiya. Na ce yau ba sana'a, leburori su ci burodi.

Na wangale ɗakin tun sanyin safiya bai gudu ba, na yayyafa ruwa a siminti, na yi ta kaɗa zani ina korar iskar jiya. Rana na fara leƙowa na rufe komai. Na aiki Malam ya samo zana biyu, muka jingina su a bangon yamma da tazara, don rana ta daki ciyawa ta bar bulo. Baba kafinta ya dawo ya buga ragar sauro a taga, ya yi wa ƙofa ma marfin raga. Wannan duk mai sauƙi ne. Babban aikin yana zaune ƙarƙashin gwaba yana jan carbi.

Na durƙusa a gabanta. "Inna, ɗakin nan juya masa za a yi. Da rana a rufe, da dare a buɗe."

"A buɗe da dare."

"Eh."

"Ni da girmana in kwana taga a hangame kamar 'yar tasha? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Magariba ta yi a rufe ƙofa a kira yara, lokacin fitar mutanen ɓoye ne. Ko Abuja ta hana su fita?"

"Akwai raga, Inna."

"Raga ta sauro ce. Su wancan ramin allura ya ishe su."

Iya tana gefe tana yanka albasa, ta sa baki. "Mama, aljani na Abuja ba ya zuwa Karu. Yana Maitama, wurin masu kuɗi."

Inna ta so ta yi dariya ta haɗiye. Na ga ƙofa, na shiga.

"To Inna, su mutanen nan, magariba suke fitowa ko kwana suke yi suna yawo?"

Ta yi tunani da gaske, don ba ta wasa da irin wannan. "An ce da faɗuwar rana suke bazuwa. In dare ya ɗan yi sun natsu."

"Shi ke nan. Magariba ki rufe da bisimilla, ba mai hana ki. In kin sallame isha'i ki buɗe da bisimilla. Dare ɗaya nake roƙo. In gobe kin tashi yadda kika tashi yau, ni da kaina zan ɗora miki kaya a mota, ba zan ce uffan ba."

"Ke? Ki yi shiru? Wannan kaɗai ya isa in gwada."

Haka aka yi. Ta rufe da magariba, ta idar da isha'i ta buɗe tagar da kanta tana karanta abin da take karantawa, ta tofa a kusurwa huɗu. Malam ya ɗauke janaretansa ya kai bayan gida bai tayar ba, ya je ya roƙi maƙwabta su ma su juya nasu.

Abin da ya biyo baya a watanni zan faɗa a taƙaice, don na ga amfaninsa da idona. Janaretanmu ya koma sai in za a kalli ƙwallo. Malam ya huta da bin layin mai da jarka bayan ya tashi aiki. Tarin hayaƙi ya bar gidan, ƙurajen zafi suka baje. Da damina ta sauka, ruwan da yake dukan kwano har ba ka jin mai magana ya koma kamar ana shafa ganga, lokacin sanyi kuma ɗakin ya riƙe ɗuminsa ba a shigo da garwashi ba. Muka yi wa ɗakinmu, Iya ta yi wa nata, Baba kafinta ya riƙa cewa shi ya ƙirƙiro. Da na shiga ajin manya na yamma, ina da shekara arba'in da wani abu, malamarmu ta yi mana bayanin cewa hayaƙin janareta da motoci da duk abin da muke ƙonawa taruwa yake a sama, ya hana zafin duniya fita, shi ya sa bazara take ƙara tsanani. Na ɗaga hannu na ce, "Malama, wato an yi wa duniya silin an rufe taga da zafi a ciki." Aji ya fashe da dariya. Malama ta ce ba a haka aka rubuta ba, amma in zauna, na gane. Tun ranar nake ganin duk gidan da ya tare zafi daga rufi ya kashe janareta, ya rage wa kowa zafi, har wanda bai san shi ba.

Amma ranar Asabar ɗin ban san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da na sani, an kira asuba Inna ba ta fito ba. Inna da take riga ladan tashi. Na tura ƙofar raga da sauri. Tana kwance ta ja zani har kafaɗa, bakinta a ɗan buɗe, tana minshari siriri. Ta ja zani! Na toshe bakina na fito na yi tsalle uku a tsakar gida ba sauti, Malam yana kallona da buta a hannu. Sai da gari ya fara haske na tashe ta. Ta yi salla tana mita wai na bar ta ta makara, ta sha koko, ba ta ce mini komai game da ɗaki ba. Na rufe taga da ƙofa kafin rana ta hau. Ta koma ciki da carbinta. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye, na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Bayan azahar Yaya ya iso, rigarsa ta manne a baya, yana fifita da hula. Muka gaisa a tsaye.

"Ina tsohuwar? Ta shirya? Ina so mu wuce Kaduna da haske."

Na nuna masa ɗakin. Ya yi sallama ya shiga, na bi shi na ja ƙofa. Ya durƙusa zai gaishe ta, sai ya tsaya ya dubi sama, ya dubi bango, ya nemi inda na'urar sanyi take bai gani ba.

"Kai. Nan ne ake gasa mutum?"

Inna ta ce, "Ka ci abinci tukuna."

Na kawo masa shinkafa da wake. Ya ci, ya sha ruwa, ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa minti biyar a tabarma. Kafin in kwashe kwanuka ya yi nisa. Inna ta ɗora yatsa a baki ta kore ni da ido. Na zauna a waje cikin inuwar zana ina jin minsharinsa yana ratsa ƙofa, ina cizon mayafi kada dariya ta kuɓuce.

Kiran la'asar ya tashe shi. Na shiga da ruwan alwala na same shi yana laluben hula.

"Subhanallahi, rana ta tafi. Inna, ku tashi mu kama hanya."

Ta gyara zama a kan gado, ta dubi farcenta.

"Wace hanya?"

"Gida mana. Ba ku kuka ce a zo a ɗauke ku ba?"

"Na ce ka zo. Ka zo, na gan ka, ka yi ƙiba." Ta juya carbi. "In ka koma, ka duba cikin tulun da ke bayan gadona, akwai ƙullin irin kuɓewa da na yakuwa. Ka ba direban da zai taho. Na ga wani fili a bayan ɗakin nan yana zaman banza, ruwa kuma ya kusa. Mutanen gidan nan ganye ma saye suke yi, abin kunya."

Yaya ya juyo ya dube ni baki buɗe. Ban tsaya ba. Na ajiye butar, na banka ƙofa na fita tsakar gida na rangaɗa guɗa, irin wadda ban yi ba tun bikin ƙanwar Malam. Kaji suka watse, Iya ta fito da gudu da wuƙar burodi tana tambaya wa ya haihu. Ina cikin ta biyu na ji muryar Inna daga ciki, da ƙarfinta na da.

"Ke mahaukaciya! Dawo ki ja mini ƙofar nan, kina shigo mini da rana!"